Zoben da Inna Ta Sa Mani

Zuwa ga Inna,

Gaisuwa da ladabi. Ina gajiya, ina gida? Yaya ƙafarki, yaya su Kawu da yara? Damina ta huɗu ke nan ban ga Bahindi ba. Abokaina sun koma an ba su ofis da mota tun da aka sami mulkin kai, ni ina nan cikin sanyin Ingila.

Inna, izini nake nema. Wanga aiki namu, wani farin gari muke zubawa cikin siririyar kwalba, mu sa tsakanin maganaɗisu mai girman turmi biyu. Alƙalamin na'ura sai ya zana yadda ƙwayoyin da ke bisa fatar garin suke juyi. Duk ranar da ni na sa kwalbar, zanen karkacewa yake. Malaminmu Bature ya ce, "Umaru, hannunka bai iya ba." Raina ya ɓaci, don wasu ma sun yi ɓarna bai ce masu haka ba. Amma wannan karon laifin daga hannuna yake: zoben baƙin ƙarfen da kika sa mani bakin kogi, kika ce kada in cire sai gabanki. Da malamin ya gane maganaɗisun ne ke jan zoben, ya ba ni haƙuri, amma ya ce ko zobe ko na'ura.

Ki gaishe da Kawu da mutanen Sharabi, a sa ni cikin addu'a. Ban cire zoben ba. Har amsarki ta iso, daga bakin ƙofa nake tsayawa ina kallon wani yana yi mani aikina.

Ɗanki,
Umaru