Muryar Malam a Kaset

Zuwa ga Yaya Hajara,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki da kyau. Yaya jikin naki, yaya Alhaji da yara? Mu nan Kusfa lafiya lau, sai ƙarin haƙuri.

Ranar Asabar ɗaliban Malam, 'yan ajin ƙarshe, suka kawo mini kaset ɗin bidiyo. Ashe tun kafin ya kwanta ciwo suka ari kyamarar mai ɗaukar biki, suka yi wa malamansu godiya. Da yake ina takaba ba na fita, maƙwabta suka aiko da talabijin har ɗakina.

Yaya, tsorona kullum kada in manta muryarsa. Sai ga shi gaban allo, alli duk ya ɓata masa hannun riga, yana cewa, “Kai, ku kashe abin nan, ku koma karatu!” Ban san lokacin da na ce, “Malam, kaɗe rigarka mana” ba. Na yi kuka, amma ranar na fara dariya tun rasuwarsa.

Sun bar mini kaset ɗin. In kin zo sadakar arba'in, za ki ji da kunnenki yadda ƙanenki yake faɗa.

Ki sa shi a addu'a. A gaida Inna.

Taki,
Rabi