Kwanson da Ya Ƙi Fita

Nuzla, Jidda.

Zuwa ga Yayana Rabi'u Maƙeri,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu. Bayan gaisuwa mai yawa da ladabi irin na ƙani ga wansa, ina fatan wannan takarda za ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da iyali da duk mutanen gidanmu na Ningi. Allah ya sassauta maka ciwon gwiwar nan da na ji ya hana ka tafiya masallacin Juma'a da ƙafa, ya sa kaffara ne. Mu nan lafiya lau, sai zafi da gajiya. Hawan jinin matata Mariyamu ya ɗan sauka, har ta koma sayar da kuka da daddawa a kasuwar Bab Makka. 'Yarmu Mubina da mijinta suna nan ƙalau. Har yanzu in ka yi mata Hausa tana ji sarai, amma da Larabci za ta amsa maka. Na ba Hajiya Hikima takardar nan hannu da hannu da za ta komo daga umra, domin maganar da ke cikinta ba ta waya ba ce.

Ka san kafilina, wato ubangidan da ya tsaya mini a ƙasar nan, tsoho Abdulghani, wanda nake tuƙa wa mota shekara goma sha tara ke nan. Yana da 'yar gona a wajen gari, da dabino da lemo da ɗakin tattabaru, kuma duk Asabar nake kai shi. Akwai wata tsohuwar bindiga da ya gada wurin mahaifinsa, da takardunta, wadda yake harbin ɓeraye da hankaki da ita saboda 'ya'yan tattabarun. Ƙarama ce, mai ɗan siririn harsashi, irin wadda allurarta ke bugun gefen gindin harsashi maimakon tsakiya. Akwai katako a ƙarƙashin bututun, in ka harba sai ka ja shi baya kwanso ya fita, ka tura gaba sabon harsashi ya hau. To tun bayan azumi ta fara gardama. Za ta tashi lafiya, amma in an ja katakon sai kwanson ya maƙale, sai an sa tsinken ƙarfe ta baki an zunguro shi. Ɗansa Mazen ya ce bindigar da ta lalace ba abin ajiyewa ba ce, a miƙa wa hukuma, gonar ma a sayar tunda ba mai kula da ita. Tsohon ya ce ba za a taɓa ko ɗaya ba. Da ya tuna na taɓa gaya masa Babanmu maƙeri ne mai gyaran bindigogin maharba, sai ya ɗora mini aikin. Na nuna masa cewa baƙo a ƙasar nan ba ya son a gan shi da irin wannan ƙarfe a hannu, ya ce a gonarsa ne kuma a gabansa, ba wanda zai tambaye ni. Ban iya musa masa ba.

Asabar ta farko na bi yadda Baba, Allah ya jiƙansa, yake cewa a fara da datti kafin a zargi ƙarfe. Na kwance ta, na jiƙa da kananzir. Danshin tekun garin nan ya sa tsohon mai ya daskare kamar ƙaro, kuma a cikin mazaunin harsashi na tarar da wani zoben baƙin datti, saboda ya daɗe yana sa gajerun harsasai, sai dogayen suka riƙa kamawa a wurin. Na goge da burushi har hannuna ya yi tsami. Ta fitar da kwanso biyu, na uku ya tsaya. Asabar ta biyu na koma kan 'yar ƙugiyar da ke kama gefen kwanso ta jawo shi. Bakinta ya ɗan cinye, sifirin ɗinta kuma ya mutu. Na yi yawo a rana har na samu wani mai gyaran kwaɗo ya ba ni ɗan sifirin da ya yi daidai, na ɗan wasa bakin ƙugiyar da magagari. Na ce ai shi ke nan. Ta fitar da huɗu, na biyar ya tsaya. Yaya, ranar na zauna a gindin dabino na rasa abin da ke mini daɗi. Idona ba kamar da ba ne, ƙaramin noti in ya faɗi a yashi sai na yi ta lalube kamar makaho.

A Asabar ta uku ne na tara kwansunan da suka maƙale na duba su a rana, sai na ga dukkansu da ɗan karce a wuri ɗaya. Na sa farce a bakin mazaunin harsashi, na ji wani ɗan tudu daidai inda allura ke sauka. Ka san abin da ke kawo wannan: ɗana kunama ba harsashi a ciki, allura ta riƙa dukan ƙarfe tsirara har ya tashi. Na tambayi tsohon ko wani yana wasa da ita. Ya ce shi ne. Wai tun da matarsa ta rasu, in ya zauna shi kaɗai a gidansa na Aziziyya bayan la'asar, sai ya ɗauko ta ya auna bango ya yi ta ɗana kunama, don ya ji ƙarar wani abu a gidan. Na tuna gargaɗin Baba cewa ƙarfen da ya tashi mayar da shi ake yi, ba a cinye shi da magagari, sai na samu sandar ƙarfe mai santsi na yi ta danne tudun a hankali har ya kwanta. Na harba sau goma, kwanso goma suka yi tsalle suka faɗi gefe. Wallahi na ji daɗin da na daɗe ban ji ba.

Sai na miƙa masa. Ya harba, ya ja katakon, amma a hankali ya ja, bai kai shi ƙarshe ba, kwanson ya fito rabi ya karkace a ciki. Na cire, ya sake, haka. Ya sake na uku, haka. Irin wannan bindiga tana son a fizge ta da ƙarfi lokaci ɗaya, shi kuwa hannunsa na hagu rawa yake yi, ban taɓa lura da yadda ya rame ba sai ranar. Na buɗe baki zan ce akwai sauran gyara, sai ya ɗaga mini hannu. Ya ce kada in yi masa ƙarya da tsufansa, da idonsa ya ga goma sun fita. Ya ce bindiga ta warke, halas, wato magana ta ƙare. Ya sa na naɗe ta a bargonta, muka kamo hanya har gida. Da Mazen ya fito tarbarsa, da kansa ya miƙa masa ita, ya ce ya yi yadda ya ga dama da ita da gonar.

Yanzu an sa gonar a kasuwa, an raba tattabarun, tsohon kuma zai koma gidan 'yarsa Wafa', inda suke da direbansu. Mazen bai wulaƙanta ni ba. Ya ce iƙamata, wato takardar izinin zamana, tana nan har ƙarshen shekara, in na samu wani kafili zai sake ni da daɗin rai. Amma Yaya, shekarata hamsin da takwas. Ba ni da sauran ƙarfin koyon halin sabon ubangida, in san lokacin fushinsa da lokacin dariyarsa. An ce kowa ya daɗe zai ga daɗau, ni kam na gani. Wani lokaci ina cewa da na bar ta da ciwonta, da har yanzu muna zuwa gona duk Asabar yana zagin bindiga. Sai in yi istigfari, domin aikin da aka sa ni na yi. Na yi shawara da Mariyamu, ta ce ita ma ƙafafunta sun gaji da zaman kasuwa. Mubina ta yi kuka, amma tana da ɗakinta, nan ne garinsu.

Ka gaishe mini da Inna Mastura, ka ce ina neman addu'arta. Ka gaida Yaya Habi da yara, da Zaharadden da amaryarsa, da Liman da duk mutanen unguwa. Mariyamu tana gaishe ku baki ɗaya. Kada ka gaya wa kowa tukuna, amma don Allah ka sa a buɗe ɗakina na bayan gida a sha iska, a duba rufin kafin damina ta faɗi. In akwai inda yake yoyo a bar shi, ni zan zo in gyara da hannuna.

Wassalam. Naka ƙani mai biyayya,

Gwadabe.