Dalian, Garin da Ake Salla a Kalli Yamma

Zuwa ga hasken idona, sanyin ƙirjina, inuwar tsamiyata a tsakar rana, ruwan farkon damina mai tada ƙamshin ƙasa. Zuwa ga Hafiza 'yar Miri, gimbiyar da ta yi kuskure sau ɗaya tak a rayuwarta, ta auri mai gyaran keken ɗinki.

Assalamu alaikum. Gaisuwa mai yawa, wadda ta fi kwantenonin garinku yawa. Ki yi haƙuri da rubutun, kin san mijinki a aji uku na sakandare ya yi sallama da malamai, su ma kuma ba su yi kukan rabuwar ba. Na ƙi yi miki saƙon murya ne saboda muryata ba ta da amana kwanakin nan, tana karyewa a inda ba a so.

Ya ke tauraruwata, kin san yanzu duk unguwarmu ta Wunti babu wanda ya kai ni sanin Dalian? Ni da ban taɓa wuce filin jirgin da na raka ki ba! Teloli sun daina ce min Mai Keke, sai Sarkin Caina. Duk wanda ya kawo keke gyara sai ya sha karatu kyauta. In ce masa gari ne da ya miƙa ƙafa cikin teku, ruwa gabas, ruwa yamma, ruwa kudu, ta arewa kawai ya riƙe ƙasa, kamar yaron da ya kama zanen uwarsa. In ce masa mutanen cikinsa sun kusa kai mutanen jiharmu ta Bauchi gaba ɗaya, amma wai ba a jin hon. In ba shi labarin ƙarafan ɗaukar kaya da ke tsaye a bakin ruwa kamar raƙuman dawa, suna ɗaga kwantena kamar yadda nake ɗaga kwalin ashana, da wurin da ake ƙera jiragen ruwa waɗanda ɗaya zai haɗiye kasuwar Wunti har da masu masa. Na san Rashawa sun mulke shi, Japanawa sun mulke shi, sun tafi sun bar manyan shataletale da wani ɗan jirgin ƙasa mai bin titi tare da motoci. Na san sanyinsa na fasa leɓe, ƙanƙara na zuba kamar garin rogo, amma jirage ba sa daina shiga da fita. Na san tuffa da kifi sun yi musu yawa, har wata tsutsar ruwa mai ƙayoyi suke ci suna lashe baki. Hafiza, don girman Allah, ki ce min ba ki ɗanɗana ba!

Duk na sani. Na haddace garin daga hotunanki da abin da 'yarmu Salma ke karanta min a waya. Abu ɗaya ne na duba na rasa: Dalian na gani, dalili ne ban gani ba. Me gari zai yi da ke, alhali yana da teku?

Kin tuna ranar da na ɗauke ki a babur ɗin aro na kai ki dam ɗin Gubi, lokacin muna sabon aure? Na tsaya a bakin ruwa na buɗe hannu na ce miki ga teku nan na ba ki kyauta. Na naɗe wando zan nuna miki jarunta, santsi ya kwashe ni, na zauna daɓas cikin taɓo. Kika yi dariya har mayafinki ya zame, har masunta suka juyo. Wallahi ban taɓa jin daɗin faɗuwa irin na ranar ba! A hanyar dawowa kika riƙe jiƙaƙƙiyar rigata kika ce wannan tekun ya ishe ki har abada. Kaico! Ashe ba ki ga na gaske ba ne. Ni kuma da bakina na ce ki tafi lokacin da aka ba ki gurbin karatun haɗa magunguna. Na bugi ƙirji gaban dattijon gidanku Bappa Hammawa na ce ilimin matata ba zai ruɓe a ɗaki ba. Jama'a suka ce Allah ya yi min albarka. To, albarkar ce nake ci yanzu, ba miya.

Ya ke zumar farar saƙa, kin tuna nasihar da na yi miki ranar tafiya? Na haɗe fuska irin ta manyan malamai, na ce duk inda kika sauka ki fara tambayar gabas, kada salla ta wuce ki. Da kika isa kika ce min a can yamma ake kallo. Na ce shi ke nan, tun ba a je ko'ina ba sun juya min mata! Na ruga wurin limaminmu Malam Umar ina haki. Ya yi dariya har da tari, ya ajiye buta a tsakiyar tabarma, ya sa takalmina a gefe ɗaya, nasa a ɗaya gefen. Ya ce, "Butar nan ita ce Ka'aba. Kai kana nan, ita tana can. To, ina za ta kalla, Mai Keke?"

Na tsaya ina kallon takalman nan biyu, baki da baki, suna fuskantar juna. Hafiza, ashe idan na tayar da salla ke nake fuskanta, ke ma ni kike fuskanta, Ɗakin Allah a tsakaninmu! Da muka gano Isha'inki na faɗowa daidai Azahar ɗina, kullum sai ki turo min kalma biyu, "Na tashi," ni kuma in yar da sukudireba in yi masallaci da gudu. Mutanen layi suka ce Mai Keke ya shiryu, har sahun gaba ake bar min. Allah ya yafe min, Shi ya san niyyata ta kasu biyu.

Rabona da kalmomin nan biyu tun kafin azumi. Na san aiki ya yi miki yawa. Har yanzu ina zuwa sahun gaba. Sai dai idan na ɗaga hannu, ji nake kamar wanda ya yi sallama a ƙofar gidan da aka tashi.

Sai ga saƙonki na makon jiya. Na sa Salma ta karanta min, ba don ban iya ba, don idona ya ƙi. Malamanki sun ce ki zarce da karatu, sun haɗa miki da aiki, shekarun da suka rage sun koma wasu shekarun. Kuma kina so a turo miki Salma, makarantun can sun fi. Ba ki yi ƙarya ba, sun fi. Amma ya ke rabin raina, ni ban yi boko mai zurfi ba, ba wai ban da kai ba ne. Salma ce igiyar da ta rage tsakanin Bauchi da bakin tekun nan. Muddin tana nan, dole wata rana ki zo ki ga yadda ta yi tsawo. Idan ta tafi, me za ki zo gani? Ni? Furfurar da ta fara fito min a gemu? Shagon da ke warin man keke?

Na yi niyyar in ƙi. Na shirya maganganu masu nauyi, har na gwada su a gaban madubi. Sai na ji yarinyar nan a tsakar gida tana wanke kwanuka tana maimaita gaisuwar mutanen Sin, tana yi tana gyara harshe. Da ta gan ni sai ta daina, ta ce, "Baba, in ba ka so, ni ma ba na so." Ƙarya take yi, Hafiza, kuma irin ƙaryata ce, a wurina ta gado ta. Ya zan yi in riƙe 'ya a matsayin tarko don in kama uwarta? Wane irin so ne wannan?

Don haka na yarda. Na kai ta an ɗauki hoton fasfo, na sa ta dariya har mai hoton ya yi faɗa. Na shiga gwanjo na samo mata rigar sanyi mai kauri kamar katifa, in ta saka sai ta koma buhun gero mai ƙafafu. Na koya mata dama kunun gyaɗa yadda kike so. Ki kula, ba ta faɗa idan ba ta da lafiya, sai dai ki ga ta daina surutu.

Ban roƙe ki ki bar tekunki ba, ya ke farin watana, na san ƙarfina. Alfarma ɗaya nake nema. Idan kin riga kin yanke a ranki cewa ba za ki dawo ba, kada ki faɗa min. Kada ki faɗa wa Salma, don ba ta iya ɓoye min komai. Ki ci gaba da ce min "baɗi in sha Allah." Ni mutum ne mai sauƙin ruɗi, da wannan kaɗai zan iya tsufa.

Naki har ranar da za a miƙe ni a rufe, wanda bai taɓa kallon wata mace ba kuma ba zai fara da tsufa ba,

Mijinyawa a suna kawai, a zahiri mijin mace ɗaya.