Wata Uku Ba Gudu

Litinin, 3 ga Maris
Kwana goma sha ɗaya rabona da gudu. Mura ta tafi, tari ya tafi, amma ƙirjin nan kamar na aro. Matakalar shago guda tara ce kacal, yau sai da na tsaya a ta shida na dafa bango. Ni da nake zagaye filin makaranta sau ashirin kafin in zauna kan keken ɗinki.

Alhamis, 6 ga Maris
Gajera, abokiyar guduna, ta leƙo shago da guminta. Wai an fara rubuta sunayen masu gasar kilomita goma ta watan gobe, har ta sa nawa a ƙasan nata. Na ce ta kyauta. Tana fita na ɗinka hannun riga a baibai, sai da na farke.
Zuciyata takan yi tsalle, ta yi shiru, sannan ta ci gaba. Haka Baba ya riƙa cewa kafin... a'a, ba zan rubuta ba.

Asabar, 8 ga Maris
Tsohon likitanmu ya yi ritaya. Yaya ya ce akwai wata sabuwa, shi zai kai ni. Barci ya ɗauke ni da rana a kan tarin yadudduka, na ga ina gudu ƙafata ba ta taɓa ƙasa, filin ya miƙe ba iyaka, ba haki ko kaɗan. Na farka da tef ɗin awo a wuya.

Talata, 11 ga Maris
Ɗakin sabuwar likitar ƙarami ne, fanka na juyawa a kasalance, ga wata shuka a taga da ta karkata wajen haske. Ita kanta ba ta wuce sa'ar autarmu ba. Na ce a raina, wannan yaushe ta gama makaranta?
Ta ɗora abin sauraren ƙirji, mai sanyi, ta rufe ido. Ta daɗe. Har na fara jin kamar ni ma ina can ciki tare da ita, muna saurare. Daga nan aka ɗebi jini, aka manna min wayoyi, na'ura ta fito da doguwar takarda mai zane kamar ɗinkin ɗan koyo.
Ta ce murar ce ta taɓa naman zuciyar, ya ɗan kumbura. Zai warke, amma sai an bar shi ya huta. Wata uku ba gudu.
Na ce ko a hankali?
Ta yi dariya. "Anti, irinku ba ku san a hankali ba. Na ga ƙafafunki."
Ban san lokacin da na ba ta labarin Baba ba. Ta ajiye biro, ta ji har ƙarshe, ta yi tambaya biyu. "Ba irin nasa ba ne," in ji ta. Ta sake faɗa, don ta ga ban ji ba. Na jiƙa mata rabin kwalin tishu.

Laraba, 12 ga Maris
Na gaya wa Gajera ta goge sunana.

Lahadi, 23 ga Maris
An yarda min da tafiya, minti goma sha biyar. Ina ɗaura takalmi Inna ta fito da sandarta, wai ita ma za ta. Inna da gwiwarta ta hana ta ƙofar gida tun bara! Kafin mu kai ƙarshen layi na ƙirga numfashina ya fi sau ɗari don haushi. Kowane taku sai ta tsaya. Amma ashe akwai gida mai shuɗiyar ƙofa a layinmu, da tantabaru a kan rufinsa. Shekara shida ina wuce shi a guje.

Lahadi, 13 ga Afrilu
Yau aka yi gasar. Gajera ta zo ta goma sha huɗu, ta turo hoto baki har kunne. Na yi mata murna, na gaske. Sai dai ya ɗan yi zafi.
Muna kan bencin bakin kanti lokacin, Inna tana ba ni labarin yadda take tsere wa yayyenta maza tana yarinya. "Kin zaci daga ubanki kika gado?" Shekara arba'in da uku, yau na fara ji.

Juma'a, 2 ga Mayu
Mun wuce kanti, mun kai kwanar famfo. Inna ta bar sandar a hannuna rabin hanya, ba ta ma lura ba.

Talata, 27 ga Mayu
Na koma wajen likita. Zanen takardar ya daidaita. Ta ce nan da mako biyu zan iya fara sassarfa da safe, kaɗan-kaɗan. Ta tsaya tana kallona, ina jin tsalle take jira. Na yi godiya.
A mota na yi ta kallon bishiyoyi suna wucewa, ina neman murnar. Tana nan, amma ba inda na ajiye ta ba.
Na tarar da Inna a ƙofar gida, ta riga ta sa takalmi tun kafin la'asar.
"Me ta ce, 'yar nan?"
Na ce, "Ta ce in ci gaba da tafiya."
Ai likitar ta faɗi hakan ma, a wani wuri cikin maganar.