Kin Ce In Jira Shamuwa

Zuwa ga mahaifiyata, Mama Saratu,

Gaisuwa a cikin sunan Ubangijinmu Yesu. Ina fata kina hutawa a wurin da ba ciwo, ba kuka. Ni ce Rifkatu, 'yarki ta fari. Yau na wuce shekarun da kika yi a duniya, amma maganar da ke tsakaninmu ba ta ƙare ba.

Ke kika koya mini gane damina tun kafin ta iso. A gonarmu ta citta a bayan Kwoi, kikan tsugunna ki nuna mini tururuwa suna kwashe ƙwansu zuwa tudu. Kikan ce in saurari kwaɗi a bakin rafi, in lura da ranar da iska za ta juya, da zafin nan mai sa gumi ko a inuwa. Da shamuwa ta sauka kan rimin bayan majami'a, sai ki tono irin citta. Kina cewa, "Mutum zai iya ruɗe ki, amma tururuwa bai san ƙarya ba."

A shekarar da kuɗi ya koma naira, bayan Kirsimeti, kika raka ni tashar mota zan koma makarantar horon malamai a Kafanchan, babbar jarrabawa na gabana. Kin ɗaura zani har ƙasa, ke da ba kya son abin da zai hana ki sauri. Kika yi ta tsayawa a hanya, wai gaisuwa kike yi. Da motar ta cika, kika riƙe hannuna kika ce, "Kada ki zo gida sai kin ga shamuwa. In ya zo, ki zo mu shuka citta tare."

Na bi maganarki, Mama. Damina ta yi jinkiri a shekarar. Kullum da safe in zagaya gindin mangwaron makaranta in duba ko tururuwa sun motsa. Hutun Ista ya zo, ba shamuwa, 'yan ɗakinmu suka watse, ni na zauna. Ƙanenki Kawu Bulus ya zo cin kasuwa, ya kawo mini acca, ya ce kina gaishe ni. Ashe a ranar kin riga kin kwanta a ƙasa.

Bayan jarrabawa shamuwa ta sauka, hadari ya haɗu a gabas. Na hau bayan akori-kura, ruwan fari ya same mu a hanya, na jiƙe sharkaf ina dariya. Da na shiga gida na tarar da ƙofarki a rufe. Kawu bai iya kallon idona ba. Ya kai ni bayan rumbu, ya nuna mini tudun ƙasa, ya ce, "Ita ya hana mu faɗa miki. A gaban Fasto ya sa mu alkawari."

Tun girbi ƙafafunki suka kumbura, likita kuma ya faɗa miki gaskiya. Kin sani, dangi sun sani, matan zumuntar majami'a sun sani. Tsakanin Kwoi da Kafanchan ba tafiyar kwana ba ce. Da na sani, da na zo na shafa miki ƙafa, na dama miki kunu, ko da zan faɗi jarrabawar. Kika zaɓa mini takarda ba ki tambaye ni ba. Kika ɗauki abin da na fi yarda da shi daga bakinki, kika ɗaure ni da shi. Na ci jarrabawar, na koyar har na yi ritaya, amma ban taɓa cewa na gode ba.

Makon jiya likita ya duba ni, ya faɗa mini irin gaskiyar da aka faɗa miki. Daga asibiti na kira 'ya'yana duka, har ƙaramar da ke tsakiyar karatu, na faɗa musu kome. Da na ji kukanta a waya, Mamana, sai na gane abin da kika guje wa. Duk da haka ban janye ko kalma ɗaya ba. Gobe za ta iso.

Ubangiji ya ba ki hutawa, ya kuma ba ni ƙarfin gama yafe miki kafin mu sadu, don har yanzu da saura. Amin.

Taki har abada,
Rifkatu