Sun ɗora 'yata a mota don su zagi takwararta

Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Admin don girman Allah ka ɓoye sunana da lambata, in aka gane ni na shiga uku. Abin da zan iya faɗa kawai a ƙasar Daura nake, ta wajen Dutsi. Don Allah ku ba ni shawara, amma wanda ya san "ki yi haƙuri" kaɗai zai rubuta ya riƙe abinsa, haƙuri ina da shi har na sam ma wani.

Maigidana dillalin dabbobi ne, shi ne ma shugaban dillalan kara a kasuwarmu, kuma kowa a garin ya san ba 'yan kara suka zaɓe shi ba, ɗan majalisarmu na jiha ne ya ɗora shi, wanda muke ce wa Honarabul. Da na haifi 'yata, ina kwance ko ruwan zafi ban gama sha ba, ya shigo ya ce ya riga ya yi mata huɗuba da sunan mahaifiyar Honarabul. Ni sunan innata da ta rasu na so a sa, ban ko samu bakin faɗa ba. Ranar suna Honarabul ya zo da kansa da jerin motoci, ya ɗaga jaririya sama yana cewa ga uwata ga uwata, tun daga ranar sunan yanka ya ɓace, a gida muna ce mata Hajiya Ƙarama, a gari kuwa Uwar Honarabul. Yanzu ba ta cika shekara biyar ba.

Abin da ban zata ba shi ne tsohuwar, mahaifiyar Honarabul, za ta ɗauki abin da gaske. Ita Hajiya Babba ba ruwanta da siyasa, ɗan nata ya yi ya yi ta koma Katsina ta ƙi, tana nan tsohon gidanta na ƙasa da awakinta. Duk Juma'a sai ta aiko a kai mata takwara, ta dama mata fura da kanta, ta yi mata kitso da hannun nan nata mai rawa, kitson wallahi ba kyan gani, sai mun dawo gida in kwance a ɓoye in sake. Ita ta koya mata Fatiha. A ɗakinta akwai wani ɗan kwanon sha da ko jikokinta ba sa taɓawa, na takwara ne. Ni ma da ba ni da uwa can nake zuwa in sauke abin da ke raina, lokacin da na yi ɓari ita ta zo da sandarta ta wuni tana gasa mini jiki, alhali dangin mijina sannu kawai suka aiko da ita.

Sai zaɓe ya zo. Honarabul ya faɗi, jam'iyyarsu ta rasa rinjaye a majalisa, kujerar gwamna ma ta tafi, gwamnati gaba ɗaya ta koma hannun mutanen da maigidana ya shekara yana zagi da lasifika a tsakiyar kara. Rediyo bai ma gama karanto sakamako ba na ga ya taka turmi yana ɓanɓare fostar Honarabul daga bangon zaure, hular nan mai tambari da ko banɗaki ba ya shiga ba ita ya wurga mini a murhu ina tuƙa tuwo. Na ce Malam lafiya, ya ce in rufe masa baki, ban san yadda ake cin abinci a ƙasar nan ba. Washegari ya saɓa babbar riga ya tafi yi wa sabon zaɓaɓɓe murna, aka shanya shi a rana a ƙofar gida, yaran gidan suna ta yi masa dariya, har wani ya ce masa kai da ka haifa wa wancan uwa me ka zo nema a nan. Ya dawo ido jawur bai ci abinci ba. Ashe maganar nan ce ta zauna masa a rai.

Ranar da 'yan sabuwar jam'iyya za su yi zagayen murna a gari ya ce in yi wa Hajiya Ƙarama wanka in sa mata kayan sallarta, zai kai ta gidan yayarsa ta wuni. Ni da hannuna na sa mata kwalli. Can da la'asar na ji ganguna da hon ɗin babura sun doso layinmu, na taka bokiti na leƙa ta katanga, innalillahi, 'yata ce tsaye a bayan a-kori-kura. An ɗaura mata kallabi irin na tsofaffi, an zana mata tamoji da gawayi a fuska, an ba ta sanda da carbi, an ƙwama mata hular sabuwar jam'iyya a kan kallabin. Ubanta ne ya riƙe ƙafarta da hannu ɗaya kar ta faɗo, ɗaya hannun ya kara mata makirfo a baki. Sun koya mata waƙa, ita ta ce "na haife shi na bar shi", taro ya amsa "ko uwarsa ta bar shi". Yarinya sai dariya take, ta ɗauka wasa ne, ana ta jefa mata alawa. Na fito a guje ko mayafi babu, ina ihu a sauko mini da 'yata, wa zai ji ni cikin wannan hayaniya. Ba su tsaya ko'ina ba sai ƙofar gidan Hajiya Babba, a nan wani ya ɗaga hannu aka tsayar da ganguna, aka kashe babura, don muryar yarinyar ta shiga cikin gida sosai.

Da ya dawo da ita na gaya masa maganganun da ban taɓa gaya wa ɗan Adam ba, na ce duk tsiyar dillalai ban taɓa jin wanda ya kai 'yar cikinsa kara ba sai shi. Ko a jikinsa. Cewa ya yi 'yarsa ce, sunan shi ya sa, kuma shi zai ci moriyarsa yadda ya ga dama, in aka ƙwace shugabancin kara sai mu dafa Fatihar da tsohuwa ta koya mata mu ci. Kafin magariba bidiyo ya zaga wayoyi, har ƙawata da ke aure a Kano ta kira ni tana tambaya wai ba 'yarki ba ce wannan.

Daga baya wata jikar Hajiya Babba ta ba ni labarin abin da ya faru a ciki. Tsohuwa tana zaune kan dardumarta ta ji muryar, ba ta gane abin da ake faɗa ba don kunnenta ya yi nauyi, muryar kawai ta gane, ta ce kai, takwara ta zo ba Juma'a ba, a ɗauraye mata kwanonta. Ta dogara sanda ta fito zaure tana murmushi. Ta tsaya ta kalla, ta saurara har ta gane, ta juya ta koma ɗaki. Ba a jima ba hawan jini ya kayar da ita, ɓarin jiki ya shanye, aka kai ta asibiti Katsina aka dawo da ita, likitoci suka ce a je gida a ci gaba da addu'a. Na kira wayar gidan in yi sannu, ƙanwar Honarabul ta ɗauka ta zage ni tas, ta ce 'yar da aka haifa don maula ai dama ƙarshenta kenan, kuma in Allah ya yarda yarinyar nan ba za ta ga da kyau ba. Ku ji fa, yarinyar da ba ta san hagu da dama ba ake yi wa baki. Shi kuwa Honarabul da aka yi duk wannan don shi, yana can yana zirga-zirgar kotun zaɓe, uwar tasa sai ta waya.

To ga inda nake yanzu. Jikar nan ta sake zuwa a ɓoye, ta ce bakin Hajiya ya karkace, magana ba ta fita, kalma ɗaya ce ake ganewa, takwara. Ba ta karɓar kunu sai an zuba a ɗan kwanon nan. Su da suka zage ni su ne suka haɗiye girman kai suka ce don Allah in kawo ta ko sau ɗaya, wannan Juma'ar, don ba su ga alamar za ta kai wata Juma'ar ba. Ban san wanda ya kai wa maigidana gulma ba, ya shigo ya tsaya a kaina ya ce in ni ko yarinyar wani ya taka gidan nan, to a bakin aurena, igiyoyin duka. Wai ba a fitar da sababbin shugabannin kasuwa ba tukuna, ana kallon takunsa. Kuma wai ya yi wa mutanen sabon Honarabul alkawari, ranar walimar rantsarwa zai yanka rago ya sake wa yarinya suna zuwa na mahaifiyar sabon. Har ya fara kiranta da shi, in ba ta amsa ba ya kai mata ranƙwashi, yarinya ta tsaya tana kallona tana neman in gaya mata wace ce ake kira. Abin takaicin, matar maƙwabcinmu ta tsegunta mini tuni aka yi wa wani alkawarin kujerar shugabancin kara, wasa kawai suke da shi kamar ɗan biri. Na gaya masa, ya ce baƙin ciki nake yi masa.

Na je wajen yayarsa, ta ce ke siyasa ce, kowa haka yake yi. Na je wajen kawuna, shi kaɗai ya rage mini kuma malami ne, ya ce abin da mijina ya yi zalunci ne babu ko tantama, amma fita ba izininsa ma ba zai ce in yi ba, ya sallame ni da addu'a. In na kai ta aurena ya mutu, auren ba shi ne damuwata ba, wallahi ko muryarsa ba na son ji, damuwata ya riga ya faɗa mini in na fita ni kaɗai zan fita, 'yarsa tana nan. In bar ta a hannun mutumin da ya ɗora ta a mota, wa zai tare mata? In kuma ban kai ta ba, matar da ta zame mini uwa za ta mutu tana kiran yarinyar da muryarta ta kayar da ita, kuma abin da ta gani na ƙarshe shi ne fuskar nan mai gawayi.

Akwai kuma abin da ban gaya wa kowa ba. Har yau yarinyar nan waƙar take yi, tana wanka tana yi, tana wasan 'yar tsana tana yi, don duk inda ta bi a layi samari tafa mata suke su ba ta alawa. Na lallasa, na yi tsawa, sau ɗaya har na doke ta na zauna ina kuka tare da ita, ba ta gane laifinta ba, ni ma ban san wane laifi zan ce ta yi ba. Jiya ina yi mata kitso na gwada ta, na ce Hajiya Ƙarama in mun je wajen takwararki me za ki ce mata. Ta yi tsalle ta ce in ɗaura mata kallabin nan, za ta yi mata waƙarta tun daga farko, don ranar nan Hajiya Babba ta fito amma ta koma ciki ba ta tsaya ta ji ƙarshen ba.

Iyaye mata da ke zauren nan, da malamai, ku dubi Allah ku gaya mini, in kai ta ko in bari? In kuma kun ce in kai ta, ku gaya mini yadda zan cire waƙar nan daga bakinta kafin Juma'a.