Fir'aunan Jamaica Ya Kai Ni Gaban Alƙali

Litinin, 26 Fabrairu 2024

Wasiƙa daga ofishin Leba, wato ma'aikatar ƙwadago. Wai Alhaji Tamimu bai yarda da kuɗin rashin aikin da suka amince su ba ni ba, ya nemi a yi zama gaban alƙalinsu. Wai ba korata ya yi ba, ni na bar aiki da kaina.

Ni! Shekara uku ina shagonsa na kago a unguwar Jamaica, ina rubuta sunaye a jikin durom ɗin masu aika kaya Accra da Kano, hannuna duk warin tawadar maka. Mutumin da ko imel bai iya buɗewa sai na zo, yau shi ne ya san hanyar ɗaukaka ƙara. Na canza sunansa a wayata zuwa Fir'auna.

Laraba, 28 Fabrairu

Adjoa, wadda muka yi aiki tare kafin ta koma filin jirgin JFK, ta ce abin ba wuya: in ma'aikaci ya karɓi kuɗin nan, harajin mai gida yana iya hawa, shi ya sa suke musu. Ta ce kar in daina shiga shafin Leba duk sati ina tabbatar da ba ni da aiki. In Alhaji ya ci, kuɗin ya tsaya. Hayar ɗakinmu ni da Umma fa a kansa take.

Sai ta tambaye ni wace hujja yake da ita. Na ce babu. Sai kuma na tuna. Kai.

Lahadi, 3 Maris

Umma ce ta jawo. Ranar da ya sallame ni ta ce ba a rabuwa da babba haka, in tura masa godiya in nemi gafara. Na rubuta, har da Turanci don ya nuna wa matarsa tarbiyyata: na gode da zaman da muka yi, a yafe min duk laifin da na yi, na tafi lafiya. Da emojin hannu biyu.

Shi ya firinto ya aika wa Leba. Gaisuwar rabuwa! Wadda kowa ke yi ko Makka zai tafi. Tsoho da gemu fari.

Umma ta ce in bar wa Allah. Na ce Umma, landlod bai san wannan ba.

Juma'a, 15 Maris

Azumi na biyar. Alhaji ya turo Malam Abdul-Karim na masallacinmu wai in janye, mu 'yan gida ɗaya ne, bai dace Bature ya shiga tsakaninmu ba. Na durƙusa na gaishe shi, sannan na ce Malam ai ba ni na kai ƙara ba. Ya gyara hula, ya ce zai sake jin ta bakin Alhaji.

Laraba, 20 Maris

Na samo! Saƙon muryar da ya kore ni da shi. Alhaji ba ya rubutu, komai bois ne. Minti shida. Minti biyun farko gaisuwa, ina Umma, ina sanyi. Sannan: "Balki 'yata, daga Litinin ki zauna a gida, ba zan iya riƙe ki ba."

Na yi rawa a kicin da azumi a bakina.

Amma ban taɓa jin ƙarshensa ba, ranar haushi ya sa na kashe. Yau na ji. Yana cewa shagon na mutuwa, matarsa Hajiya na zuwa wankin ƙoda sau uku a sati, ko 'ya'yansa ba su san halin da ake ciki ba, kar in faɗa wa kowa.

Ruwansa. Shi ya fara.

Talata, 26 Maris

An yi zaman, ta waya. Na zauna bakin gado da caja a jone. Alƙaliya mace, murya kamar ta na'urar jirgin ƙasa. Tafinta kuwa daga jin Hausarsa ɗan Kumasi ne, kuma a unguwarmu ta Bronx ɗin nan waye bai san wani ba? In na kunna bois ɗin, shi zai fassara kalma kalma, har maganar Hajiya.

Ta rantsar da mu. Ta karanto saƙona, ta ce wane laifi nake neman gafara a kai. Na ce babu laifi, haka muke rabuwa. Tafintan ya yi ta fama. Na ce mata ina da saƙon murya, ta ce za a zo kansa. Yatsana na kan wayar Umma da na tura shi ciki.

Sai ta juya kan Alhaji: ya sallame ni ne, ko ni na tafi?

Sai da ta tambaya ko layin ya yanke kafin ya amsa.

"Ranki ya daɗe, ina azumi kuma na rantse," in ji shi. "Ni na ce ta zauna a gida. Yarinyar ba ta yi min komai ba."

Ta tambaye ni ko har yanzu ina so a saurari saƙon. Na ce a'a.

Alhamis, 4 Afrilu

Takarda ta zo. Kuɗina na nan. Adjoa ta ce in ɗora a sitatus kowa ya gani. Na ɗauki hoton, na zaɓi waƙa ma. Ban ɗora ba. Netwok ne, ina ji.

Laraba, 10 Afrilu

Sallah. Na hango Alhaji bayan idi, babbar rigar ta yi masa yawa. Hajiya ba ta zo ba. Ban je wajensa ba, me zan je yi.

Umma ta yi waina da yawa, zubarwa za a yi, shi ya sa na ce a ba Malam Abdul-Karim kwano ɗaya ya kai Jamaica. Mara gishiri, don masu ƙoda ba sa ci, na gani a TikTok.

Na goge Fir'auna, ya yi tsawo a sikirin. Na mayar Alhaji T.

Bois ɗin ma na goge, a wayoyin biyu. Suna cin wuri.